Guzurin Umra: Riyal nawa ya kamata a ware wa kowace rana?

Baban Khadija, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zuwa. In Allah ya yarda zan raka mahaifiyata Umra a cikin watan Rajab. Kamfanin da muka biya ya ɗauki nauyin biza da tikitin jirgi da masauki da motar da za ta ɗauko mu daga filin jirgi, amma babu abinci a ciki, babu kuma kuɗin tafiya daga Madina zuwa Makka. Kwana 14 za mu yi, huɗu a Madina, goma a Makka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne guzuri, domin wani ya ce dala 500 ta ishe mu mu biyu har da saura, wani kuma ya ce idan ban riƙe dala 2,000 ba kada in soma barin gida. Ni ma'aikaci ne mai jiran albashi, da adashi aka tara kuɗin nan, saboda haka ina so in san abin da mutum yake kashewa kowace rana, don kada in ɗauki abin da zai yanke mana a tsakiya, kada kuma in kwashe na cefanen iyali in tafi da shi ba gaira ba dalili. Hajiya ta haura shekara saba'in kuma tana fama da ciwon gwiwa.

Alhaji na Kwari

Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan hidima ta mahaifiya. Mutanen nan biyu kowa ya faɗa maka gaskiyarsa ne, sai dai ba abu ɗaya suka lissafa ba. Mai dala 500 abinci kaɗai ya ƙirga, mai dala 2,000 kuwa ya haɗa har da tsarabar dangi.

Shawarata ta farko ita ce ka daina lissafi da naira, ka koma riyal. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dalar Amurka a kan riyal 3.75, kuma har yau bai motsa ba, don haka duk wanda ya ce maka kwanon shinkafa riyal 20 ne, ka san dala biyar da ɗan ɗoriya ce ko yaushe ka je. Naira ce ba ta zama wuri ɗaya. Kowa ya ga abin da ya faru bayan gwamnati ta saki farashin canji a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya rubuta guzurinsa da naira kafin wannan, ya wayi gari kuɗinsa ba su kai rabin abin da ya yi nufi ba.

Ta biyu, ka raba kuɗin gida uku, kowane a ambulan ɗinsa: na kullum, wato ci da sha da zirga-zirga, na abubuwan da sau ɗaya ake biya, sai na tsaraba. A na kullum, ga yadda nake kashewa idan ban shiga gidajen abincin manyan benayen da ke bakin Harami ba. Karin kumallo na shayi da gurasar tamis da ful bai wuce riyal 10 ba. Abincin rana, shinkafar bukhari da rabin kaza, riyal 20 zuwa 25, kuma kwanon yana da yawan da mutum biyu marasa yawan ci za su raba. Da dare riyal 15 zuwa 20. Ruwa da nono da ɗan 'ya'yan itace riyal 10, sai a bar wani 10 na mota. Ka ga mutum ɗaya ya tashi a riyal 65 zuwa 75, ku biyu ka rubuta 150 a rana. A kwana 14 ya zama riyal 2,100, wato dala 560.

Maman Sadiq, Kaduna

Alhaji ya kawo lissafi mai kyau, amma ina ganin riyal 10 na mota ya yi kaɗan ga mai tafiya da tsohuwa mai ciwon gwiwa, sai dai idan masaukin yana bakin Harami. Baban Khadija, kafin komai ka koma wurin kamfanin nan ka ce su rubuta maka sunan otal ɗin da za ku sauka a Makka, ka duba shi da kanka a Google Maps, ka ga minti nawa ne da ƙafa zuwa ƙofar masallaci. Kada ka yarda da "kusa da Harami" ta baki, domin mai sayar da kujera komai kusa ne a wurinsa. Tafiyar da saurayi zai yi a minti goma sha biyar, dattijuwa za ta yi ta a rabin awa tare da hutawa, kuma salla biyar ce a rana. Ka tambayi yanayin hanyar ma. Wasu masaukan ɓangaren Ajyad a kan tudu suke, gangarowa da sauƙi, komawa ce wahala. Titin Ibrahim Khalil da ya miƙe zuwa Misfala ya fi shimfiɗuwa, kuma a can ne ake samun abincin gida, tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake, a hannun Hausawa mazauna garin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho, domin na ga iyayenmu da yawa da suke kwana biyu suna cin shinkafar Larabawa sai su ce ta ishe su, su koma shayi da burodi, ƙarfinsu ya ragu a lokacin da aka fi bukatarsa.

Idan masaukin yana Kudai ko Aziziyya, to ka tabbatar akwai bas ɗin otal na kyauta, ka kuma tambayi inda yake sauke mutane, saboda ana rufe titunan da ke kewaye da Harami a lokutan salla. Bas ɗin gari na Makka riyal 4 ne shiga ɗaya, amma bayan sallar isha'i ko Juma'a cunkoson ba na mai ciwon ƙafa ba ne, kuma a daidai wannan lokacin ne masu tasi suke ninka kuɗi. Masaukin da aka rage maka riyal 80 a dare saboda nisansa, idan kana biyan tasi riyal 30 zuwa, 40 dawowa, sau biyu a rana, ka ga ragin ya koma hasara.

Abu Hafsa, Gombe

Ku gafarce ni, ni dai wannan ƙididdigar tana ɗan taɓa mini zuciya. Mutum zai je ɗakin Allah, amma tun daga gida yana auna kofin shayi da riyal. Ina tsoron kada ya isa can hankalinsa ya rabu biyu, yana ɗawafi yana tunanin ambulan. Abin da aka kashe a wannan tafiya ba asara ba ce, kuma mun sha ganin waɗanda suka tafi da ɗan kaɗan Allah ya rufa musu asiri har suka dawo da saura. A ganina ya ɗauki abin da ya sawwaƙa ya dogara ga Allah.

Malamin Islamiyya, Zariya

Malam Abu Hafsa, niyyarka kyakkyawa ce, amma nassi yana tare da masu lissafi. Ayar da ta ce a yi guzuri, kuma mafi alherin guzuri shi ne taƙawa, tana cikin Suratul Baƙara aya ta 197, kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ta sauka ne a kan wasu mutanen Yaman da suke tafiya Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun isa Makka kuma sai su koma roƙon mutane. Wanda ya gama lissafinsa a gida shi ne yake samun natsuwa a ɗawafi. Wanda kuɗinsa suka yanke a kwana na tara, shi ne za ka gani a harabar masallaci da waya a kunne yana neman wanda zai turo masa. Kuma wannan bawan Allah ba kansa kaɗai ya ɗauka ba, akwai amanar mahaifiya a hannunsa, akwai haƙƙin iyalin da zai bari a gida.

Zan ƙara abu ɗaya da ba a cika sanyawa a lissafi ba, wato yanka. Tun da ta Madina za ku fara, miƙatinku Zul Hulaifa ne, inda ake kira Abyar Ali. Wanda ya wuce miƙati bai ɗaura harami ba, kuma bai koma ba, jini ya hau kansa, kuma kuɗin dabba ta hanyar shirin Adahi ya haura riyal 700 a shekarun nan. Wannan kuɗin abincin mutum ɗaya ne na kwana goma. Idan jirgin ƙasa za ku hau, ku sani ba ya tsayawa a miƙati, don haka ku tambayi malaminku yadda za ku yi tun kafin ranar. Karanta hukunce-hukuncen Umra a gida yana cikin tattalin guzuri.

Abu Hafsa, Gombe

Allah ya gafarta Malam, na karɓi ayar da hannu biyu, kuma ban ce a tafi hannu rabbana ba. Abin da nake gudu shi ne ƙwauro, mutum ya ga mabukaci a ƙofar masallaci ya kasa miƙa hannu saboda ba ya cikin takardarsa. Idan za a rubuta, to a rubuta sadaka ita ma a ba ta gurbinta.

Alhaji na Kwari

Wannan gyara ne mai kyau, a sa ta. Bari in ci gaba da ambulan na biyu, da ƙiyasin mutum biyu. Layin waya da data, ko na STC ko Mobily ko Zain, ka ware riyal 150, kuma kada ka tsallake shi, domin ta manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda, izinin kyauta ne amma sai da intanet, sannan ranar da ka rabu da Hajiya a cikin taro wayar nan ce za ta haɗa ku. Ziyara a Madina, wato Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini, da ta Makka zuwa Arfa da Mina da Jabalun Nur, riyal 300 idan kun haɗa kuɗin mota da wasu. Zuwa Tan'im da dawowa ga mai son ƙara Umra, 80. Aski 20. Wanki 100. Magani 100, domin da wuya a dawo ba a yi mura da tari ba. Keken ɗawafi da sa'ayi saboda Hajiya, 250. Akwai kekunan turawa na kyauta a Harami, idan kana da ƙarfin tura ta da kanka wannan kuɗin ya zauna, amma ka tuna sa'ayi kaɗai ya kai wajen kilomita uku, kuma kai ma ka sha tafiya. Waɗannan sun haɗa riyal 1,000.

Sai tafiya daga Madina zuwa Makka. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 ɗin nan a ƙasa da awa biyu da rabi, mota kuwa awa biyar ce ko fiye. Bas ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ga mai ciwon gwiwa ni jirgin zan zaɓa. Ka ware 450 ku biyu, ka sayi tikiti da wuri, ka kuma kula da cewa jirgin yana da ƙa'idar girman jaka. Idan ka tara 2,100 da 1,000 da 450 ka sami 3,550. Ɗora kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama kusan riyal 4,100, wato dala 1,100 a dunƙule. A misali, idan dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan, kuɗin ya kama wajen naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da hamsin. Ranar da za ka saya sai ka ninka da farashin ranar. Tsaraba ba ta ciki.

Hajiya 'yar Maraɗi

Sallama ga jama'a. Mu a Nijar damuwarmu ta bambanta kaɗan, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka ba ma kwana da fargabar da 'yan'uwanmu na Najeriya suke kwana da ita, sai dai abin da ke tsakanin yuro da dalar Amurka yana hawa yana sauka, shi ne yake taɓa mu. Amma inda kuɗi suke zurarewa ɗaya ne a gare mu duka, kuma ba abinci ba ne. Tsaraba ce da sautu.

Ɗana Baban Khadija, ka saurare ni da kyau a nan. Da zarar labari ya bazu cewa Hajiya za ta tafi, za a fara sallama a gidanku. Wannan ta kawo kuɗin abaya, waccan na turare, wani na agogo, wata ta ce a sayo mata zobe "in kun dawo na cika". Kuɗin da aka ba ka da naira wata biyu kafin tafiya, ba lallai ne su sayi kayan ba ranar da ka tsaya a gaban mai kanti, kuma kunya ba za ta bar ka ka dawo ka ce a ƙaro ba, sai ka cika daga guzurinka. Bayan haka kayan suna da nauyi. Yawancin jiragen da ke wannan hanya jaka biyu masu kilo 23 suke bai wa mutum, abin da ya haura sai an biya, kuma na ga mata a filin jirgin Jidda sun zube jaka a ƙasa, suna fitar da dabino da dardumai suna rarraba wa mutane, saboda kuɗin ƙarin nauyin ya fi kuɗin kayan. Duk mai sautu ka mayar masa da kuɗinsa riyal a gabansa, ka rubuta sunansa da adadin, ka faɗa masa cewa abin da kuɗinsa suka saya shi za ka kawo.

Tsaraba kuma ku zauna da Hajiya ku rubuta sunaye tun a gida, ku yanke adadi, kada ku taɓa ambulan ɗin sai kwana uku na ƙarshe, ban da dabino wanda ya fi kyau a saya a Madina. Ajwa tana da tsada, a sayi kaɗan don gida. Safawi da Sukkari suna da daɗi kuma sun fi sauƙin kuɗi ga rabon maƙwabta. Carbi da hula da darduma kuwa, yawancinsu daga Sin ake kai su can, irinsu suna nan jibge a kasuwannin Kano. Mutane da yawa yanzu a gida suke sayensu su ajiye kafin su tashi, kuma ban ga aibin hakan ba, tun da ba a ce wa kowa daga Makka suka zo ba.

Injiniya, Abuja

Ina so in yi magana a kan yadda za a riƙe kuɗin. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa biyan kuɗin guzurin matafiya ta kati maimakon tsaba, kuma dokokin nan suna yawan sauyawa, don haka ka je bankinka ka ji abin da ake ciki da iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje. Ni ina goyon bayan kati, domin a Saudiyya har ƙananan shaguna suna karɓarsa, kuma idan ya ɓace ana toshe shi, tsabar kuɗi kuwa idan ta tafi ta tafi. Idan na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi riyal, saboda canjin da na'urar take yi da kanta ya fi tsada. Ka kuma sani akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kaya tun watan Yulin 2020, yawanci yana cikin farashin da aka rubuta, amma a otal da wasu hidimomi ka tambaya.

Alhaji na Kwari

Injiniya, a nan mun ɗan saɓa. Kati yana da kyau har zuwa ranar da zai ƙi aiki da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kana tsaye da tsohuwa a bakin titi, bankinka kuma yana Najeriya. Mai tura keke da mai aski da matar da ke sayar da tuwo a Misfala tsaba suka sani. Ni da kashi biyu cikin uku tsaba nake tafiya, ɗaya a kati. Idan za ka sayi dala a WAPA, kasuwar 'yan canji ta Kano, ka karɓi sababbin takardun dala ɗari masu shuɗin zare, waɗanda aka fara fitarwa a 2013, marasa yagewa ko rubutu. Kada ka canza da yawa a filin jirgi, ɗari ɗaya ta isa ta kai ka masauki, sauran ka canza a shagunan canji na cikin gari kaɗan-kaɗan, inda za a ba ka abin da ya kusa 375 a kowace ɗari. Maganar bayyana kuɗi ga jami'an kwastan ba ta shafe ka ba, sai mai ɗauke da manyan kuɗi, kamar wanda ya haura dala 10,000 a Najeriya.

Injiniya, Abuja

Na yarda a riƙe tsaba, amma kashi biyu cikin uku ya yi yawa a wurin da ake cunkoso kamar ɗawafi. Rabi da rabi zan ce, kuma abin da zai shiga Harami da shi kada ya wuce na yinin ranar, sauran ya zauna a akwatin ajiya na ɗaki.

Baban Khadija, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira kamfanin, sun turo sunan otal ɗin, yana can ƙasan Misfala, taswira ta nuna minti 18 da ƙafa, kuma babu bas. Saboda haka na bi maganar Maman Sadiq na ɗaga kuɗin kullum daga 150 zuwa 190 a kwanaki goma na Makka, wato ƙarin riyal 400, na bar na Madina yadda yake tun da masaukin can yana Markaziyya, unguwar da ke kewaye da Masallacin Annabi. Na sa 200 na sadaka kamar yadda Malam Abu Hafsa ya ce. Jimla ta koma wajen riyal 4,700, kusan dala 1,250. Tsaraba mun yanke riyal 1,000 ni da Hajiya. Na kuma buɗe shafi na huɗu na abin da za a kashe a gida: allurar sanƙarau da katin allurar ciwon shawara, haramina, motar filin jirgi, da cefanen mako uku da zan bar wa iyali. Fasfo ɗinmu duka suna da sauran fiye da wata shida. Tambayata ta ƙarshe, in sayi dalar gaba ɗaya yanzu ko in jira tafiya ta matso?

Alhaji na Kwari

Babu wanda zai faɗa maka inda dala za ta kasance nan da wata biyu, duk wanda ya rantse maka a kan haka kada ka saurare shi. Ka raba sayen gida uku, kashi ɗaya yanzu, ɗaya idan albashi ya shigo, na ƙarshe mako biyu kafin tashi. Idan ta hau ba ta same ka duka ba, idan ta sauka ka ci wani abu. Kada dai ka bar shi sai ana gobe tafiya.

Maman Sadiq, Kaduna

Da minti 18 ɗin nan, ku tsara zuwa Harami sau biyu a rana maimakon biyar. Ku tafi kafin asuba ku dawo bayan hantsi, sannan ku koma kafin la'asar ku zauna har isha'i, da ɗan dabino da gorar zamzam a jaka, azahar kuma Hajiya ta yi ta a ɗaki ko masallacin unguwa ta huta. Hakan zai rage kuɗin tasi fiye da rabi. Sannan a cikin kuɗin kullum ka cire riyal 20 ko 30 ƙananan takardu, biyar-biyar da goma-goma, ka ba ta a hannunta kowace safiya. Iyayenmu ba sa son su riƙa tambayar ɗansu duk lokacin da suka ga wanda suke so su ba sadaka ko suka yi sha'awar wani abu a hanya. Ka haɗa mata da katin otal mai adireshi da Larabci da lambar layinka na can a cikin 'yar jakar da take ratayawa, da takardar riyal 50 daban wadda ba za ta taɓa ba sai idan kun rabu tana bukatar tasi.